Marlboro Cikin Hunturu: Lambu Da Teburin Zanen Tasha Tudor

Jihar Vermont tana can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka. Ta yi iyaka da ƙasar Kanada daga arewa, kogin Connecticut kuma shi ya raba ta da jihar New Hampshire daga gabas. Ƙaramar jiha ce ƙwarai, domin a ƙidayar 2020 mutanenta duka-duka 643,000 ne da 'yan kai, babban birninta Montpelier kuwa bai wuce mutum 8,000 da ɗoriya ba. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasarta daji ne, sauran kuma gonaki ne da 'yan ƙauyuka da suka maƙale a gindin duwatsu. Matafiyin da ya taso daga birnin New York a jirgin ƙasa zai yi sa'a biyar da wani abu kafin ya sauka a Brattleboro, garin da ke bakin kogi a kudancin jihar. A kusa da wannan gari ne, a ƙauyen Dummerston, marubucin nan na Ingila Rudyard Kipling ya zauna daga 1892 zuwa 1896, kuma a nan cikin ƙasar ƙanƙara ya rubuta labarinsa na dajin Indiya mai suna The Jungle Book.

Daga Brattleboro sai a bi hanya mai lamba 9 a yi yamma, mota tana ta hawa tana kwana-kwana har kimanin mil 10, sannan a iso Marlboro. Kada mai karatu ya ɗauka ko garin yana da wata dangantaka da tabar nan mai wannan suna, ko kusa. Ƙauye ne da mutanensa ba su kai 2,000 ba, gidajensu a warwatse cikin kurmi, an san shi da taron makaɗa da ake yi kowace bazara tun 1951. A watan Janairu kuwa babu makaɗa, babu baƙi, sai motar share hanya da hayaƙin da ke tashi daga kan rufin gidaje.

Ya kamata mu tsaya kan kalmar hunturu tun da wuri, don kada ta ruɗe mu. A wajenmu hunturu lokacin lambu ne, lokacin da fadama take cika da albasa da tumatir da latas. A Vermont kuwa hunturu shi ne mutuwar lambu. Tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba sanyi yake ƙone duk wani ganye mai taushi, zuwa Disamba ƙasa ta daskare ta koma kamar dutse, fartanya ba ta shigarta, dusar ƙanƙara kuma ta sauko ta rufe komai, wani lokaci har zuwa Afrilu. Da dare awon sanyi yakan sauka digo 15 ko 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A tsakiyar Disamba rana takan faɗi da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma, hasken yini gaba ɗaya bai fi sa'a tara ba. Mai shuka ba ya amincewa da ƙasa ya dasa abu mai tsoron sanyi sai ƙarshen Mayu. Ke nan abin da manomi yake da shi na gaskiya wata huɗu ne da 'yan kwanaki.

To, a cikin wannan daji ne, a ƙarshen wata ƙaramar hanya marar kwalta, wata mata mai suna Tasha Tudor ta yi shekara 36 na ƙarshen rayuwarta. Sana'arta ita ce zana hotunan littattafan yara, kuma ta zana wa littattafai kusan 100 hotuna, wasu ita ta rubuta su da kanta, wasu na marubutan da suka gabace ta. Amma da yawa daga masu ƙaunarta ta wajen lambunta suka san ta, musamman bayan da aka buga littafin Tasha Tudor's Garden a 1994, wanda Tovah Martin ta rubuta, Richard Brown ya ɗauki hotunansa. Daga nan sunanta ya ƙetare teku. Gidan talabijin na NHK a Japan ya yi shirye-shirye a kanta, a 2017 kuma aka fito da fim na musamman game da ita a can, mutanen Koriya ta Kudu ma suka rungumi littattafanta. Abin da akasarin mutanen nan suke tunawa shi ne watan Yuni: tsohuwa ba takalmi, sanye da doguwar riga irin ta kakannin kakanni, tana ratsa furanni da suka kai mata kafaɗa, gajerun karnuka na biye da ita. A ganina wanda ya tsaya a kan hoton Yuni ya ga girbi ne kawai. In ana son a gane yadda gidan nan ya tsayu da ƙafafunsa, sai a dube shi a Janairu.

An haife ta a birnin Boston ranar 28 ga Agusta 1915. Mahaifinta William Starling Burgess sanannen mai tsara jiragen ruwa na tsere ne, mahaifiyarta Rosamond Tudor kuwa mai zanen hotunan mutane ce, kuma sunan gidan mahaifiyar ne ta ɗauka. Tana da shekara tara iyayen suka rabu, aka kai ta riƙo wajen wasu abokan arziki a ƙauyen Redding na jihar Connecticut, inda ta fara son zaman karkara. A 1938 ta yi aure, a shekarar kuma aka buga littafinta na farko, Pumpkin Moonshine, ɗan mitsitsin littafi da ta yi tun asali don ta ba wata yarinya daga dangin mijinta kyauta. Labarin wata yarinya ne da ta hau tudu ta zaɓo kabewar da ta fi kowace girma, kabewar ta kuɓuce mata ta gangaro tana firgita awaki da kaji da dinya. Kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓarsa kafin reshen Oxford University Press na New York ya amince.

Littafin da ya fara kawo mata kuɗi na kirki shi ne Mother Goose na 1944, tarin waƙoƙin reno na Turawa da ta yi wa hotuna, wanda ya samo mata yabon Caldecott a 1945. Wannan yabo ne da ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka take bayarwa ga masu zanen littattafan yara, kuma ta sāke samunsa a 1957 saboda littafin koyon ƙirga mai suna 1 is One. Da kason da ta samu daga cinikin Mother Goose ne ita da mijinta suka sayi wata tsohuwar gona a Webster ta jihar New Hampshire, gida babba amma ya tsufa, babu lantarki, babu famfo a shekarun farko. A nan ta reni 'ya'yanta huɗu, mata biyu maza biyu, tana ɗebo ruwa, tana tatsar saniya, tana wanki da hannu, in ta sami sarari kuma ta zauna ta yi zane. A 1961 auren ya mutu. Tun kafin nan ma buroshinta ne ginshiƙin gidan, bayan nan kuwa ya zama shi kaɗai ne. Ita da bakinta ba ta taɓa ɓoye wannan ba, domin takan ce ita mai zanen neman abinci ce, tana yi ne don ta ciyar da gida ta kuma sami abin sayen irin furanni. Mai karatu ya riƙe wannan magana, don ita ce mabuɗin duk abin da zai gani a Marlboro.

A 1971 ta fitar da Corgiville Fair, littafin da ta fi so a cikin ayyukanta, labarin wani ƙauye da mazaunansa karnuka ne da kyanwoyi da zomaye, suna shirya bikin kasuwa da tseren awaki. Karnukan irin waɗanda ake kira kogi ne, masu gajerun ƙafafu, 'yan asalin ƙasar Wales, irin waɗanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi suna da kiwonsu. Littafin ya sami kasuwa, da kuɗinsa kuma ta iya komawa Vermont a 1972, tana da shekara hamsin da shida. Babban ɗanta namiji ne ya gina mata gidan da kayan aikin hannu, ya kwaikwayi wani tsohon gida na wajajen 1740 da ke New Hampshire, ya haɗa shi da rumbu da turken dabbobi a jere, yadda mutum zai iya fita daga ɗakin girki ya isa wurin awaki ba tare da ya taka ƙanƙara ba. Wannan tsari ba ado ba ne, tsoffin manoman wannan yanki sun san dalilinsa. Wanda bai sani ba in ya ga gidan sai ya rantse ya shekara ɗari biyu a wurin.

Zamanin da ta ƙallafa wa rai shi ne na wajajen 1830. Tufafin wannan zamani take sawa, ta tara su da yawa, har takan ce wai ta taɓa rayuwa a wancan lokaci a matsayin matar wani shugaban jirgin ruwa. A nan akwai wani abin lura. Vermont ta 1830 ba daji ba ce kamar ta yau. Tun da aka shigo da tumakin Merino daga ƙasashen Sifen da Fotugal a wajajen 1811, manoma suka dinga sare kurmi suna mai da shi makiyaya, har ƙidayar 1840 ta sami tumaki fiye da miliyan ɗaya da rabi a jihar. Da kasuwar ulu ta faɗi, mutane suka yi ƙaura zuwa yamma, daji ya dawo ya cinye gonakin. Shi ya sa in ganye ya zube a hunturu, mai tafiya a hanyar Marlboro zai dinga hango katangun duwatsu suna ratsa tsakiyar kurmi, ba gona a dama ba gona a hagu. Kufai ne na zamanin da matar nan take bege.

Yanzu mu shiga lambun a Janairu. Ba abin da ido zai gani sai fari fat, da ƙwarangwal ɗin itatuwan tuffa, da kan katangun duwatsun da aka yi wa tudun matakala da su. Amma a ƙarƙashin wannan fari akwai dukiya a binne. Yawancin furannin da suke fara fitowa a bazarar can, irin su tulif da dafodil, daga wani abu suke tsirowa mai kama da albasa, kuma ana binne shi ne a kaka kafin ƙasa ta daskare. Albasar nan ba ta yin fure sai ta sha sanyi na wajen mako 12 ko fiye, sanyin ne yake tashe ta. Dusar ƙanƙarar da baƙo yake ganin kamar masifa ce, ga mai lambu bargo ce, domin iskar da ke cikinta tana hana sanyin sama ya kai ga saiwa. Shekarar da ta fi ba mai lambu tsoro ita ce wadda aka yi sanyi mai tsanani ƙasa tana tsirara, ko wadda ƙanƙara ta narke ta sāke daskarewa, har ƙasa ta dinga turo saiwoyi waje. Ga kuma ɓerayen daji da suke haƙa hanyoyinsu a ƙarƙashin dusar suna cin albasar tulif, suna ɓare ɓawon ƙananan itatuwa, ga barewa da yunwa take korowa daga kurmi. Albasar dafodil kam tana da dafi, ɓeraye ba sa taɓa ta, wannan ne ya sa masu lambun yankin suke shuka ta ba ƙaƙƙautawa.

Duk wannan kuɗi ne. Albasar furanni sayenta ake yi, ɗaruruwa ko dubbai, kowace kaka, haka ma dashen wardi da na itatuwa. A hunturu ne kamfanonin iri suke aiko da littattafan tallarsu, mai lambu ya zauna kusa da murhu yana zaɓe yana lissafi. Tana kuma da ɗakin gilashi a jikin gidan inda take ajiye furannin da ba sa jure sanyi, irin su kameliya, waɗanda suke buɗewa a tsakiyar hunturu alhali waje ya daskare. Shi ma ɗumama shi ake yi. Awakinta na tatsa, irin masu dogayen kunnuwa da ake kira Nubiya, ba su san Janairu ba, safe da yamma sai an tatse su, a fasa musu ruwan da ya daskare a bokiti, a zuba musu harawar da aka tanada tun damina. Murhun ƙarfen da take girki da shi kuma itace yake ci.

Abin da yake biyan duk waɗannan yana kan wani ɗan tebur kusa da taga. Da fensir da fentin ruwa take aiki, a kan takarda ƙarama, domin hotunanta ba manya ba ne. Fentin ruwa ba ya yafiya. Mai fentin mai in ya yi kuskure sai ya shafe da wani launi, amma mai fentin ruwa farin takardar shi ne haskensa, in ya ɓata shi ya ɓata ke nan, sai dai ya ɗauko sabuwar takarda. Launi kuma ba a gane gaskiyarsa a hasken fitila, don haka sa'o'in nan 'yan kaɗan na hasken rana su ne jarin mai zane, sai dai ita dusar ƙanƙara tana taimakawa, da yake tana mayar da haske cikin ɗaki fari tas. Littafin hotuna na yara yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe babbar takardar ɗab'i, kuma kowane shafi yana buƙatar zane-zanen gwaji kafin a kai ga na ƙarshe. Ga shi kuma kamfanin ɗab'i yana son aiki watanni da dama kafin ranar fitowa. Daga Mayu zuwa Oktoba lambu ba ya barin mai shi ya zauna, don haka tilas babban kason zaman tebur ya faɗa a watannin da ƙasa take kulle.

Alamar da ake gane aikinta da ita ita ce kewayen da take yi wa shafi, wato ta zagaye hoto ko rubutu da reshe da ganye da furanni da 'yan tsuntsaye. A littafinta A Time to Keep na 1977, wanda ya bi bukukuwan iyali wata-wata daga Janairu zuwa Disamba, kewayen nan yana tafiya da shekara: busassun rassa a farko, sai toho, sai fure, sai 'ya'ya, sai kuma ganye ya bushe. Mai lambu in ya duba zai iya kiran sunan kowane tsiro, domin ba daga ka take ƙirƙiro su ba. Abin da ta shuka shi take zanawa, ta dube shi a damina ta ajiye zanensa a littafin gwaji, ta ɗauko shi a hunturu. Da kamfanin ɗab'i ya ba ta aikin yi wa The Secret Garden hotuna a 1962, tsohon littafin Frances Hodgson Burnett game da yaran da suka farfaɗo da wani lambu da aka rufe, ai an ba mai kaza kai ne. Dabbobi ma haka. An sha ba da labarin yadda take ajiye matattun ɓeraye da tsuntsaye a cikin firji mai daskarar da abu, in tana buƙata ta ɗauko ɗaya ta daidaita shi ta zana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zaman 1830 ɗin nan yana da iyakarsa, akwai lantarki a gidan Marlboro.

Yaran da ke cikin hotunan kuwa nata ne, daga baya kuma jikokinta. Littattafan Becky's Birthday da Becky's Christmas na 1960 da 1961 daga al'adun gidanta aka ɗauko su. Kuma gaskiya ne gidan Webster ya ga abubuwan da yara kaɗan ne suke gani. Akwai 'yan tsana da aka ɗinka musu tufafi aka yi musu gida, akwai gidan waya na wasa da suka sa wa suna Sparrow Post, wato wasiƙun da gwara take kaiwa, inda 'yan tsana da yara suke aika wa juna ƙananan wasiƙu da katuna, musamman a tsakiyar Fabrairu lokacin da hunturu ya ishi kowa. Akwai wasan kwaikwayo da 'yan tsanan da ake ja da zare. A kaka akan narka kakin zuma a tsoma lagwani a yi kyandirori na shekara guda, a lokacin Kirsimeti kuma a saro itace daga daji a kunna masa kyandir na gaske. Tana saƙa, har ta taɓa shuka wani tsiro mai kama da rama wanda ake samun zaren lilin daga jikinsa, ta jiƙa shi, ta kaɗa zaren, ta saƙa yadin, ta ɗinka riga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ya koma hoto, hoton ya koma littafi ko katin gaisuwa, katin ya koma kuɗin abinci da na iri.

Nan ne wurin da ni nake ganin ya kamata mai sha'awar hotunan ya yi hattara. Iyalin da zamansa shi ne hajar da ake sayarwa yana ɗauke da wani nauyi da sauran iyalai ba su san shi ba. Uwa ce ta zaɓi tufafin da, da fitilar kyandir, da ɗebo ruwa, yaran kuwa tashi suka yi suka tarar da kansu a ciki, suna aikin gona, suna kuma tsayawa a zana su. Hoto yana nuna yaro riƙe da bokitin madara cikin dusar ƙanƙara fuskarsa ja-jawur, amma ba ya nuna ƙarfe nawa aka tashe shi. Ba na cewa farin cikin da ke cikin hotunan ƙarya ne, domin ɗaya daga cikin 'ya'yan ta rubuta littafi tana tuna yarintarsu da daɗi, biyu daga cikinsu ma sun bi sawunta a harkar littattafan yara. Amma mai zane yana zaɓen abin da zai sa a cikin kewaye, mutuwar aure biyu da ta yi da sauran abubuwan da suka faru tsakaninta da 'ya'yanta bayan sun girma suna wajen kewayen.

Littafinta na ƙarshe, Corgiville Christmas, ya fito a 2003, tana da shekara 88. Ta rasu a gidanta na Marlboro ranar 18 ga Yuni 2008, daidai lokacin da lambun yake kan ganiyarsa, tana da shekara 92. Da aka buɗe wasiyyarta sai aka tarar ta bar kusan duk dukiyarta, wadda aka ƙiyasta ta kai dala miliyan biyu, ga ɗan da ya gina mata gida ya zauna kusa da ita, da kuma ɗansa. Sauran ukun abin da aka bar musu bai taka kara ya karya ba, takardar kuma ta ambaci nisan da ya shiga tsakaninta da su. Ɗaya daga cikinsu ya kai ƙara kotu yana zargin an rinjayi tsohuwar ne, wanda ake zargi ya musanta, jaridun Amurka kuma suka yi ta yayata maganar, da yake kowa ya san gidan ta hotunan Kirsimeti. Har makwancinta sai da aka yi jayayya a kai. An ƙone gawarta bisa al'adar wasu mutanen can, kuma da 'ya'yan suka kasa daidaitawa, alƙali ya ba da umarni a raba tokar gida biyu. A watan Nuwamba na 2010 suka sasanta a wajen kotu, ba a kuwa bayyana sharuɗɗan sulhun ba. Kashi ɗaya na tokar an binne shi a cikin lambun, a gindin wani wardi da take so.